Darasi Ga Iyayen Gida Da Dillalai: Idan Mai Umarni Ya Canza, Da Wane Mudu Za A Auna Dillali?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata rigima ce wadda ba ta da ƙara kamar ta kwastan ko ta shingayen hanya, amma tana cin dukiya a ɓoye, tana kuma raba mutanen da suka shekara ashirin suna cin tuwo a kwano ɗaya. Rigimar ita ce tsakanin dillali da wanda yake bisa kansa, musamman idan na bisan nan ya canza.

Kowa a cikinmu ya san yadda abin ke faruwa. Alhaji ya tsufa, ko Allah ya yi masa rasuwa, ɗansa ya karɓi gida. Ko kuwa mai shanu na Puytenga ko Fada Ngurma ya daina zuwa da kansa saboda halin da hanya ke ciki, sai ya riƙa aiko wakili, yau ƙanensa, gobe surukinsa. Kafin a yi tirela uku sai ka fara jin magana a majalisa, daga bakin titin Kanda har cikin Mamobi: ai dillalin nan ya lalace, ba ya sayar da shanu da daraja, yana jan ƙafa, yana ba mahauta bashi barkatai. Shi kuma dillalin in ka same shi a Tulaku zai rantse maka cewa yadda ya yi wa Alhaji aiki shekara da shekaru, haka yake yi yau, ko ƙwayar zarra bai rage ba. Abin da muka lura shi ne, sau da yawa dukansu biyu gaskiya suke faɗi. Dillalin bai canza ba. Mudun da ake auna shi da shi ne aka sake, ba a kuwa gaya masa ba.

Kafin mu shiga ciki, ya kamata matasanmu su san cewa tsarin nan na mai gida da dillali ba jiya aka fara shi ba. Ita kanta Nima, shanu ne suka kafa ta: a farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, wanda shi ma mai harkar shanu ne, ya sami filin daga hannun iyalan Odoi Kwao, a nan ake tsayar da garke kafin a shiga da shi gari. Har Turawa masu bincike sun zauna sun yi nazarin tsarin. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta yi rubutu a 1966 a kan iyayen gida da dillalan Kumasi. Wani kuma, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya ga ana sayar da shanu kusan 75,000 a shekara, kusan duka a kan bashi, babu banki babu takardar lauya. Abin da ya gano shi ne abin da kakanninmu suka sani tuni: baƙo ya kawo shanu bai san mahautan gari ba, mai gida ne ke sauke shi, ya tsaya masa lamuni, dillali kuwa shi ne idon mai gida a cikin kara. Jarin dillali ba kuɗi ba ne. Jarinsa shi ne ya san wane mahauci ne ke biya ranar da ya ce, wane ne sai an bi shi har gida, wane ne kuma ya aurar da 'ya a watan jiya don haka aljihunsa a bushe yake.

To, wannan sanin ba ya cikin littafi, yana cikin kan dillali. Shi ya sa sabon mai gida da ya yi gaggawar korar tsohon dillali yakan wayi gari ya ga ya kori littafin bashinsa da hannunsa.

Abubuwa uku da ba sa zama a tabarma ɗaya

Duk mai shanu abu uku yake so daga dillali: a sayar da tsada, a sayar da wuri, a kuma kawo kuɗi hannu. Matsalar ita ce ukun nan ba sa haɗuwa a ciniki ɗaya sai ranar sa'a, kamar jajiberin Babbar Salla. In kana son tsada, dole ka yi haƙuri shanu su kwana a kara, kana sayen ciyawa da ruwa, kana biyan masu gadi, dabbar da ta sha tafiyar kilomita kimanin 800 daga Paga tana ƙara ramewa. Ko kuma ka yarda da bashi, domin mahaucin da zai ɗauka bashi ya fi mai kuɗi a hannu sakin farashi. In kana son sauri da tsabar kuɗi, dole ka sassauta. Kowane mai gida, ko ya faɗa ko bai faɗa ba, akwai ɗaya daga cikin ukun nan da ya fi damunsa. Dillalin da ya daɗe da shi ya gane wannan ba tare da an gaya masa ba, har ya zame masa jiki. Da sabon mai umarni ya zo da nasa son, sai jikin dillali ya ci gaba da rawar da ya saba alhali an sake kiɗa.

Bari mu yi lissafi da lambobi masu sauƙi. Misali ne kawai don a gane, ba farashin kasuwar yau muke faɗa ba. A ce tirela ta sauke shanu 40, kowane ɗaya ya tsaya wa mai shi sidi 10,000 har da kuɗin mota da na hanya. Uwar kuɗi ke nan 400,000. Dillali na farko ya sayar da su cikin kwana uku, kuɗi hannu, a kan 10,800 kowane. An sami 432,000, riba 32,000, mai shanu ya canza kuɗinsa zuwa sefa ya kama hanya. Dillali na biyu ya yi haƙuri, ya rarraba su ga mahauta a kan 11,500, za a biya cikin mako huɗu. A takarda an sami 460,000, riba 60,000, kusan ninki biyu. Wanne ya fi iya aiki?

In sidi na zaune lafiya, mahautan kuma duk suka cika alkawari, na biyu ne gwani, ko da an cire kuɗin ciyawa. Amma a ce cikin makonni huɗun nan sidi ya rasa kashi 10 cikin 100 na darajarsa a gaban sefa. Wannan 460,000 ɗin sefar da zai saya daidai take da ta 414,000 a ranar da aka sauke shanu. Riba ta koma 14,000, ƙasa da rabin ta na farko. In kuma mahauci ɗaya ya maƙale da kuɗin shanu uku, wato 34,500, to an taɓa uwar kuɗi. Ka ga dillali ɗaya, aiki iri ɗaya, a wata shekara a yi masa kyautar riga, a wata shekarar a kira shi maci amana.

Kada wani ya ce ai wannan lissafin takarda ne. A farkon 2022 dalar Amurka ɗaya tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen shekarar ta haura 14 a wurin 'yan canji, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54 cikin 100 a watan Disamba. Sefa kuwa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, ba ta bin sidi in ya gangara. Wanda ya ba da bashin wata ɗaya a watan Oktoban wannan shekara ya san abin da ya gani. A 2025 sai abin ya juya: tsakanin Afrilu da Yuni dala ta sauko daga wajen sidi 15 zuwa wajen 10. A waɗannan watanni wanda kuɗinsa ya kwana a hannun mahauta masu biya, da ya karɓa sai ya tarar sefarsa ta ƙaru. Dillalin da aka horar a 2022 cewa "kuɗi hannu ko a fasa", ya riƙe wannan darasi gam, sai ga shi a 2025 ana yi masa faɗa wai yana zubar da shanu da araha.

Sarki goma, zamani goma

Wani lokaci ba mutum ne ke canzawa a kan dillali ba, zamani ne. Dattawanmu sun ga haka sau da yawa a ƙasar nan. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana. Iyayen gida da dillalai da mahauta da yawa daga zangunan Ankara da Kumasi suka tafi, wasu suka bar gidajensu da basussukansu a hannun yaransu ko abokan ciniki. Dare ɗaya dillali ya wayi gari da sabon uban gida wanda bai taɓa yi wa aiki ba, ga bashi a waje wanda mai lamuninsa ya ƙetare iyaka. Bayan Acheampong ya hau a 1972, gwamnati ta kafa hukumar Cattle Development Board, ta sa hannunta cikin shigo da shanu da rarraba su ga mahauta, sai ya zama sanin ma'aikacin ofis ya fi sanin haƙoran sa amfani. A 1979, zamanin farashin kwantiro, lokacin da sojoji suka rushe kasuwar Makola, wanda ya sayar da kaya da tsada bulala yake jawo wa kansa. A ƙarshen shekarun 1980 daskararren naman Turai mai rahusa ya cika garuruwan bakin teku, mahautanmu suka rasa kasuwa, dillali nagari a lokacin shi ne wanda ya iya lallashi da jiran bashi. Sai kuma Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi, shanun Barkina da Mali da Nijar suka yi sauƙi ga mai sidi, tireloli suka yi ta sauka. Gwani a lokacin shi ne mai sauri, wanda zai share kara kafin wata motar ta iso.

Na baya-bayan nan kuwa kowa shaida ne. Tun daga 2015 rashin tsaro a arewaci da gabashin Barkina ya hana masu shanu da yawa bin dabbobinsu, kasuwa irin ta Jibo wadda a da ake ji da ita ta shiga wani hali. A watan Yunin 2023, gab da Salla, hukumomin Jihar Gabas ta Sama suka hana zirga-zirgar dabbobi na wata guda saboda cutar saifa da ta ɓulla a yankin Binduri da Bawku. A Janairun 2025 Barkina da Mali da Nijar suka kammala ficewa daga ECOWAS, a watan Mayun wannan shekarar kuma gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi gabanin Layya. Duk lokacin da irin wannan ta faru, abin da mai dukiya ke bukata daga dillali yana canzawa cikin kwana ɗaya. Laifi ne a zauna a gida a canza ra'ayi, a bar dillali a kara da umarnin makon jiya, sa'an nan a zo a tuhume shi da na yau.

Ranar karɓar gida

Ga abin da muke ba da shawara, kuma mun ga gidajen da suka yi haka sun zauna lafiya. Ranar da wani zai karɓi umarni, ko ɗa ne, ko ƙane, ko wakilin da aka aiko daga arewa, a zauna mutum uku: mai barin gado in yana raye, mai karɓa, da dillali. A samu dattijo ɗaya na kara ko na unguwa ya zama shaida. Abin farko da za a buɗe shi ne bashi. A bi mahauta ɗaya bayan ɗaya: wane, shanu nawa, nawa ya biya, nawa ya rage, yaushe ya yi alkawari, wa ya tsaya masa. A rubuta, da boko ko da ajami duk ɗaya ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, sai ya sake tunani. Daga nan a ja layi. Duk bashin da ke bisa layin nan, da izinin tsohon mai gida aka bayar, da mudunsa za a auna shi. Sabon mai gida yana da ikon cewa daga yau kada a ƙara ba wane, amma ba shi da ikon cewa dillali ya yi ganganci da ya ba shi a bara, alhali uban gidansa na lokacin ya yarda.

A nan ne fa aka fi zaluntar dillalai. Yaro ya dawo daga makaranta ko daga Turai, ya buɗe littafi ya ga kuɗin mahaifinsa a warwatse a hannun mutum goma sha biyar, ransa ya ɓaci, sai ya ce: "Baba, daga yau babu bashi, kuma wanda ke waje ina son sa kafin ƙarshen wata." Dillalin, wanda ya goya shi yana ƙarami, sai ya ce: "To Alhaji ƙarami, an gama." Ya fita ya rasa inda zai sa kansa, domin ya san mahaucin da aka matsa wa ya biya tsohon bashi, aka kuma hana shi sabon sa, ba shi da naman da zai sayar ya biya. Bashin kara kamar igiyar guga yake, ana zurawa ana jawowa. In kana son rage shi, a hankali ake yi: wanda ke ɗaukar biyar a ba shi uku, ya biya na huɗu. Dillali ya san haka sarai, kunya ce ta hana shi faɗa. Wannan "to" ɗin ta kunya ta rusa gidaje fiye da sata.

Bayan bashi sai umarni. A gaya wa dillali a fili, kafin a sauke shanu, wanne ne gaba a wannan tafiyar: tsada, sauri, ko kuɗi hannu. A faɗa masa farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba sai ya tambaya, kwana nawa aka yarda shanu su yi a kara, mahauci ɗaya shanu nawa zai iya ɗauka bashi, da kuma kwana nawa. A ma fayyace da wane kuɗi ake magana. Kada ku yi dariya. Tun Yulin 2007 aka yanke sifiri huɗu daga sidi, 10,000 na da ya koma 1, amma har yanzu akwai dattawan da in sun ce miliyan ɗari, sidi 10,000 suke nufi. Mutumin Maraɗi in ya ce jaka, sefa 1,000 yake nufi, na Kano kuwa naira 200 ya gada daga iyayensa. Haka nan hanyar biya: in ta waya za a turo, wa zai ɗauki cajin? Lokacin da aka sa harajin E-Levy a Mayun 2022, kashi 1.5 cikin 100, iyayen gida da yawa suka ce a koma tsabar kuɗi. An rage shi zuwa kashi 1 a 2023, an soke shi a Afrilun 2025, amma akwai dillalan da ba wanda ya koma ya ce musu an janye wancan umarni, suna nan suna yawo da kuɗi a jaka tsakanin Ashaiman da Nima, da duk haɗarin da ke ciki.

Bakin da zai ce "na sallama"

A da, mai shanu yana tsaye a kara, ko yana kwance a ɗakin baƙi na mai gida, a je a gaya masa tayi, ya ce albarka ko ya sallama. Yanzu waya ta sa dillali ɗaya yana da iyayen gida huɗu. Mai dukiya yana Wagadugu yana kallon shanunsa ta WhatsApp, wakilinsa yana tsaye a gefe, mai gida yana Mamobi, ga kuma wani ɗan uwa da ya sa kuɗi a tafiyar yana bugowa daga Kumasi. Wannan ya ce a sayar, wancan ya ce a dakata zuwa Alhamis. Duk wanda dillali ya bi, ya saɓa wa uku. Mahauta kuma ba yara ba ne, da sun gane bakin gidan bai zo ɗaya ba sai su ja baya su jira farashi ya faɗo da kansa.

Maganin wannan ɗaya ne: a kowace tirela a ambaci mutum ɗaya wanda bakinsa ne sallama, a gaya wa dillali sunansa a gaban sauran. Mai magana ya kai wa wannan mutum, kada ya bugo wa dillali. In an canza umarni da rana tsaka, a aika da saƙon murya don ya zauna a waya, kuma ya fara aiki daga dabbar da ba a riga an sallama ba. Cinikin da aka tafa hannu a kansa ya wuce. Mai gidan da ke sa dillalinsa warware ciniki bayan sallama, sunan gidansa yake sayarwa.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da shimfiɗa wannan a babin wakilci. Wakili amintacce ne, ba ya biyan asara sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka yi masa. Inda kuma ba a yi sharaɗi ba, al'adar kasuwa ce hukunci. Ma'ana, in ba ka ce wa dillali kada ya ba da bashi ba, a kasuwar da kowa ya san da bashi take tafiya, to ba ka da hujja a kansa. In kuwa ka faɗa a gaban shaida ya ƙetare, shi ma ba shi da hujja a kanka.

Yaya za a gane wanda da gaske ya gaza?

Kada a ɗauka muna wanke dillalai ne gaba ɗaya. Akwai malalaci, akwai wanda ya tsufa bai yarda ba, akwai wanda zai sayar 11,000 ya ce 10,500, ya ci la'ada ya ci ƙari. Akwai mai tura shanun gidan ga abokinsa mahauci wanda kowa ya san ba ya biya, domin akwai abin da ake sa masa a aljihu. Mafi sharri shi ne wanda ke amfani da canjin shugabanci: ya ce wa sabo "ai haka muke yi da Alhaji", alhali Alhaji bai taɓa yarda da haka ba. Amma ba a kama irin waɗannan da zato, ko da tirela ɗaya. Tirela ɗaya tana iya faɗawa ranar da motoci goma suka sauka tare, ko lokacin da Gāwa suka hana kiɗa kafin bikin Homowo, shagulgula suka ragu.

Sai an duba tafiya huɗu ko biyar a jere. A kowace a rubuta ranar sauka, ranar da dabbar ƙarshe ta fita, abin da aka sayar da kowace, nawa ne hannu nawa ne bashi, da ranar da kuɗin ƙarshe ya shigo. Wannan ranar ta ƙarshe ita ce mutane ke mantawa, alhali ita ce ke nuna gaskiyar ciniki. Sa'an nan a gwada da abin da makwabta suka samu a wannan makon da irin waɗannan shanu, ba da abin da aka samu bara ba, ba kuma da farashin da wani ya faɗa a majalisa ba, don kowa ribarsa yake ba da labari. A kuma yi adalci wajen kaya. Wanda aka ba manyan bijimai masu tozo ba daidai yake da wanda aka tura wa guzaye da ramammu ba. Wani sa'in asarar tun a Puytenga aka yi ta, ranar saye, dillalin Ankara gawa kawai aka kawo masa ya yi wa wanka.

In an duba an ga gazawa ce, a kira shi a keɓe, ba a tsakiyar kara ba, ba kuma a gaban yaransa ba. A nuna masa littafi, a ji ta bakinsa, a ba shi tafiya biyu ko uku da umarni bayyananne. Dillalin da aka ci wa mutunci a gaban mahauta ya gama amfani ko da an bar shi a gidan, domin ba wanda zai ƙara jin tsoron ranar da zai zo karɓar kuɗi.

A duba la'ada ma. In ana biyan ta a kan kowane kai da ya fita, ko an biya kuɗin ko ba a biya ba, to an riga an gaya wa dillali cewa sauri ake so, ko da baki yana cewa a yi hattara da bashi. Gidan da ke son a kula da karɓo kuɗi, sai ya ware wani ihsani da ba ya fita sai kuɗin ƙarshe ya shigo. Wanda ke son tsada, ya yi wa dillali rabo a cikin abin da ya haura farashin da aka yanka. Sabon mai gida da ya canza umarni bai taɓa tsarin la'ada ba, zai yi ta magana ne kawai.

Ku kuma 'yan uwa dillalai, akwai naku. In aka sake muku mai umarni, kada ku jira a kira ku. Ku je ku gaishe shi, ku tambaya: "Alhaji, a wannan motar me ka fi so, in tsaya a kan kuɗi ko in sallame su da wuri? Wane da wane suna neman bashi, in ba su?" In ya faɗi abin da kuka san ba zai yiwu ba, ku faɗa masa a ranar, da ladabi, ku kawo dalili, in ya nace ku bi nasa, amma da shaida. Ku riƙe ƙaramin littafinku ko da gidan yana da magatakarda. Kuma ku daina yawan "a zamanin marigayi", domin ba abin da ke ƙona ran magaji kamar wannan kalma, ko da gaskiya ce.

In duk an yi wannan zama bai yiwu ba, a rabu, amma a san yadda za a rabu. Bashin da dillali ya bayar, shi ya san ƙofar da ake bi a karɓo shi. A ɗauki sabon dillali su zaga tare, mahauci bayan mahauci, kowa ya amsa abin da ke kansa a gaban su biyun, a rubuta. La'adar tsohon a kan shanun da ya riga ya sayar haƙƙinsa ce, a biya shi yayin da kuɗin ke shigowa. Kada kuma a zaɓi makonnin da ke gaban Babbar Salla don wannan aiki, lokacin da kara ta cika, kuɗi mafi yawa na waje, kowane mahauci kuma yana neman dalilin da zai ce a dawo bayan Salla.